Mayar wa Baƙo Harajin Sayayya: Ribar Ƙasa ko Asarar Baitulmali?

A ranar 1 ga Janairun 2021 gwamnatin Birtaniya ta daina mayar wa baƙi masu yawon buɗe ido harajin VAT da suka biya a kan kayan da suka saya. Kafin wannan rana, mutumin Kano ko Doha ko Shanghai da ya sayi agogo a Landan yana iya cike takarda a kanti, ya nuna wa jami'an kwastan kayan a filin jirgin Heathrow, a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Tun daga lokacin ake kai ruwa rana tsakanin masu manyan kantuna da baitulmalin ƙasar. Masu kantuna da otal-otal na cewa gwamnati da hannunta ta kora baƙi zuwa Paris da Milan. Jami'an baitulmali kuwa na cewa kuɗin jama'a ne aka daina raba wa attajiran wasu ƙasashe.

Rigimar ba ta Birtaniya ce kaɗai ba. A 'yan shekarun nan Italiya da China sun ƙara faɗaɗa nasu tsarin, Saudiyya ta buɗe nata, Japan kuma ta yanke shawarar ɗaure nata da igiya saboda maguɗi. Idan ƙasashen da suka san kan tattalin arziki suka rabu haka a kan abu ɗaya, to lallai akwai abin dubawa a kowane ɓangare. Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: rangwamen nan yana jawo baƙon da ba zai zo ba, ko kuwa kyauta ce ake miƙa wa wanda dama yana hanya?

Yadda tsarin ke aiki

Harajin VAT haraji ne da ake ɗora wa mai amfani da kaya a ƙarshe. Faransa ce ta fara shi a 1954, yanzu kuma ƙasashe fiye da 160 ke karɓarsa ko mai kama da shi. Ƙa'idarsa ita ce a biya shi a ƙasar da za a ci moriyar kayan. Shi ya sa kamfanin da ya loda takalma a jirgin ruwa zuwa ƙetare ba ya biyan wannan haraji. Masu kare tsarin mayar wa baƙi kuɗi suna cewa jakar matafiyi ma fitar da kaya ce, sai dai ƙarama.

Kada a haɗa wannan da kantunan cikin filin jirgi da ke sayar da turare da agogo ba tare da haraji ba, waɗanda aka fara a filin jirgin Shannon na ƙasar Ireland a 1947. A tsarin da muke magana a kai, baƙo na sayayya ne a cikin gari kamar kowa, ya biya cikakken farashi, ya nuna fasfo a ba shi takarda. Ranar tafiya kwastan su tabbatar kayan sun fita, sannan a biya shi a hannu ko a katinsa na banki. A ƙasashen Tarayyar Turai dole kayan su fita cikin wata uku bayan watan da aka saya.

Kowace ƙasa da mafi ƙarancin abin da za a saya kafin a cancanta. A Faransa sai sayayya ta haura yuro 100. Italiya ta rage nata daga kusan yuro 155 zuwa yuro 70 a Fabrairun 2024. Sifaniya ta cire iyakar gaba ɗaya tun 2018. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dirhami 250 ne, a Afirka ta Kudu rand 250, a China kuma an sauko daga yuwan 500 zuwa 200 a Afrilun 2025.

Akwai wani lissafi da matafiya da yawa ke kuskurewa. Inda harajin yake kashi 20 cikin 100, kamar Faransa, ba kashi 20 na kuɗin da aka biya za a mayar ba. Jakar da aka saya yuro 1,200 asalin kuɗinta yuro 1,000 ne, harajin yuro 200, wato kashi ɗaya cikin shida na farashin. Daga nan kuma kamfanin da ke shiga tsakani zai cire la'adarsa. A manyan kantunan Paris abin da aka saba mayarwa kashi 12 ne cikin 100 na farashi, wato yuro 144 a kan waccan jaka.

Fa'idodi

Fa'ida ta farko ita ce kuɗin da baƙo ke barwa a gari bayan kantin. Wanda ya zo sayen jaka ba a kantin zai kwana ba. Zai kama ɗaki a otal, ya ci abinci, ya hau tasi, ya shiga gidan tarihi, kuma duk waɗannan ba a mayar da harajinsu. Gwamnati ta yafe haraji a kan abu ɗaya, ta karɓa a kan wasu da dama. A Birtaniya harajin ɗakin otal da abincin gidan cin abinci kashi 20 ne cikin 100, ga kuma harajin da fasinja ke biya a tikitin jirgin da zai fitar da shi. Wannan shi ne ƙashin bayan hujjar masu goyon baya, kuma hujja ce mai ƙwari.

Ta biyu ita ce gasa da maƙwabta. Mai sayen kayan alfarma ya san farashi kamar tafin hannunsa. Jaka ɗaya ce a Landan da Paris, kamfani ɗaya ya yi ta, tsakanin biranen biyu kuma tafiyar jirgin ƙasa ce ta sa'a biyu da 'yan mintuna. Idan Paris za ta mayar masa da kashi 12 cikin 100, Landan kuma ba ko sisi, ba sai an faɗa masa inda zai nufa ba. Abin da ya ƙara ƙona ran 'yan kasuwar Birtaniya shi ne, bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar Turai, mazauna Birtaniya sun zama baƙi a Turai, don haka su ma suna karɓar rangwamen a Paris da Madrid. Kamfanin jakunkuna na Mulberry ya rufe kantinsa na titin Bond Street a 2023, ya kuma ambaci soke tsarin cikin dalilansa.

Ta uku ita ce ayyukan yi. Sayar da kaya a kanti, gyaran ɗakin otal, girki, tuƙi, gadi, duk ayyuka ne da ke ɗaukar matasa da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma ba a iya kwashe su zuwa wata ƙasa. Inda ƙasa ke ƙera abin da take sayarwa, alherin yana wuce birni. Jakar fata da aka saya a Milan na iya fitowa daga wata ƙaramar masana'anta a yankin Tuskani, rigar ulu da aka saya a Landan kuma daga masaƙar wani gari a Scotland. Rangwamen da aka yi a babban birni sai ya zama albashi a ƙauye.

Ta huɗu ita ce kuɗin ƙetare. Abin da baƙo ya kashe daidai yake da kayan da ƙasa ta fitar, sai dai a nan mai saye ne ya biya kuɗin jirgi ya zo da kansa, ya kuma ɗauki kayansa. Ba jigila, ba dillalin ƙetare, ba jiran biya. Japan ta ga amfanin wannan. A Oktoban 2014 ta saka kayan kwalliya da magunguna da abinci cikin abubuwan da baƙo ke saye ba haraji, aka kuma samu dubban sababbin kantuna da suka shiga tsarin, har a ƙananan garuruwa. A 2024 baƙi kusan miliyan 37 suka shiga ƙasar, suka kashe kimanin yen tiriliyan 8, kuma sayayya na cikin manyan abubuwan da suka kashe kuɗin a kai.

Ta biyar ita ce suna. Garin da aka sani da sayayya yana jan mutane shekara da shekaru. Kasuwar rangwame ta Bicester Village da ke kusa da Oxford ta yi farin jini wurin baƙi har jirgin ƙasan da ke zuwa can yana sanarwa da Larabci da Sinanci. A wajejen 2012 jaridun Birtaniya sun ruwaito cewa kantin Debenhams na titin Oxford Street ya kafa alluna da Hausa, saboda a lokacin 'yan Najeriya na cikin baƙin da suka fi kashe kuɗi a kantunan Landan. Kanti ba ya rubuta allo da harshen mutanen da ba sa kawo masa ciniki. Dubai ma, da ta gina sunanta a kan kasuwanci, ba ta yi wasa ba: an fara karɓar harajin kashi 5 cikin 100 a Janairun 2018, kafin shekarar ta ƙare aka buɗe hanyar mayar wa baƙi.

Akwai kuma wata 'yar fa'ida da ba a cika ambata ba. Baƙon da ke son a mayar masa da kuɗi dole ya nemi rasit na gaskiya, don haka mai kanti ba shi da damar ɓoye cinikin. A ƙasar da 'yan kasuwa suka saba sayarwa ba rubutu, wannan na shigar da ciniki cikin littafin hukumar haraji. Alhazanmu da masu Umara ma suna da ruwa a nan. Saudiyya ta ɗaga harajinta daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100 a Yulin 2020, abin da kowane mai sayen tsaraba ya ji a aljihunsa, sai a 2025 ta fara tsarin mayar wa baƙi harajin a kantunan da suka yi rajista.

Illoli

Illa ta farko, kuma mafi girma, ita ce biyan wanda dama zai zo. Mafi yawan masu zuwa Paris don ganin Paris suke zuwa. Matar da ta yi shekara tana tara kuɗin wata jaka za ta saya ko da rangwame ko babu. Duk abin da aka mayar wa irin waɗannan asara ce tsantsa ga baitulmali, domin bai jawo ko mutum ɗaya ba. Baitulmalin Birtaniya ya ce ƙasa da ɗaya cikin goma na baƙin da ke zuwa daga wajen Tarayyar Turai ne ke amfani da tsarin a lokacin da yake aiki. Ma'ana, tara cikin goma sun zo, sun kashe kuɗinsu, sun tafi ba tare da sun nemi komai ba. Kanada ma ta soke nata tsarin tun 2007.

Misalin Japan da masu goyon baya ke yawan kawowa yana da wata fuska. Cikar da baƙi suka yi a 2024 ta zo ne a lokacin da darajar yen ta faɗi har dala ɗaya ta kai kusan yen 160. Faɗuwar kuɗin ta sauƙaƙa wa baƙo komai, daga otal har shinkafa, fiye da yadda yafe harajin kashi 10 cikin 100 zai yi. Haka aka gani a Landan bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kan ficewa daga Tarayyar Turai, lokacin da fam ya faɗi baƙi suka yi ta ribibin agoguna. Sauƙin biza, yawan jirage, tsaro da canjin kuɗi duk suna tasiri a kan shawarar matafiyi, kuma da wuya a ware rabon rangwamen haraji daga cikinsu.

Ta biyu ita ce adalci. Lokacin da tsarin ke aiki a Birtaniya, ma'aikaciyar jinya a Landan na biyan cikakken haraji a kan takalmin da za ta sa zuwa aiki, attajirin da ya sauka a jirginsa kuma a mayar masa da dubbai a kan agogon zinariya. Gwargwadon tsadar abin da mutum ya saya, gwargwadon abin da za a mayar masa, don haka mafi yawan kuɗin yana tafiya ne ga masu hannu da shuni. Giɓin da aka bari kuwa sai an cike shi, ko da ƙarin haraji a kan 'yan ƙasa ko da rage abin da ake kashewa a asibiti da makaranta. Talaka na kiran irin wannan kashin dankali, kuma ba shi da sauƙin karewa a gaban masu zaɓe.

Ta uku ita ce taruwar alherin a wuri ɗaya. Sayayyar baƙi ta fi yawa a 'yan tituna ƙalilan na manyan birane. Kuma ba duk abin da aka saya ne ƙasar ta ƙera ba. Idan baƙo ya sayi agogon Suwizalan ko wayar da aka haɗa a China a wani kanti a Landan, abin da ya rage wa Birtaniya ribar mai kanti ce da albashin ma'aikacinsa da kuɗin haya. Ragowar ta koma inda aka yi kayan. A nan hujjar fitar da kaya ta yi rauni, domin ƙasar ta zama mashiga ce kawai.

Ta huɗu ita ce maguɗi. Japan ta daɗe tana cire harajin tun a kanti, ba sai an je filin jirgi ba, abin da ya yi wa baƙi daɗi ƙwarai. Sai wasu suka mayar da shi sana'a: su sayi kaya masu yawa da fasfon baƙo, su sayar wa dillalai a cikin ƙasar, su fita hannu rabbana. Da kwastan suka binciki wasu daga cikin waɗanda suka sayi kayan da suka haura yen miliyan 100, sun tarar mafi yawansu ba sa ɗauke da kayan. A ƙarshen 2022 aka ruwaito cewa hukumar haraji ta bukaci reshen kamfanin Apple na Japan ya biya sama da yen biliyan 13, saboda wayoyin da aka sayar da yawa ba haraji ga mutanen da ake zargin 'yan sari ne. Daga 1 ga Nuwamban 2026 ƙasar ta tsara komawa tsarin biya tukuna, a mayar bayan kwastan sun ga kaya. Wasu 'yan majalisarta ma cewa suke a soke shi baki ɗaya, tunda birane irin su Kyoto sun riga sun cika da baƙi har mazauna na kuka.

Ta biyar ita ce rabon 'yan tsakiya. Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da wannan harka a duniya, manyansu Global Blue, wanda ya faro daga Suwidin a 1980, da kuma Planet. A misalin jakar nan, gwamnati ta saki yuro 200, matafiyi ya karɓi 144, ragowar 56 ta tsaya tsakanin kamfanin da kantin. Idan ya zaɓi a biya shi da kuɗin wata ƙasa, canji ma zai ci nasa. Wasu matafiyan kuma sukan ga dogon layi a filin jirgi su haƙura. Wato ƙasa tana asarar naira, amma abin da ya isa ga wanda ake son jawowa bai kai naira ba.

Ta shida tana faɗawa ne a kan ƙasar matafiyin. A ƙa'ida, idan ya isa gida ya kamata ya bayyana kayan ga kwastan ya biya harajin ƙasarsa, in sun wuce abin da aka yafe, kamar fam 390 a Birtaniya ko dala 800 a Amurka. A aikace da yawa sukan cire kwali, su ɗaura agogon a hannu su wuce. Kayan sun tsira daga haraji a can, sun tsira a nan. Mazauna Suwizalan sun daɗe suna tsallakawa garuruwan Jamus na kan iyaka irin su Konstanz su yi cefane, a buga musu hatimi a mayar musu da haraji, har aikin ya yi wa kwastan ɗin Jamus yawa suka sa iyakar yuro 50 a 2020. Suwizalan kuma, don kare kantunanta, ta rage abin da ake shigowa da shi ba haraji daga faran 300 zuwa 150 a farkon 2025. Ga ƙasa irin Najeriya da ke fama da ƙarancin dala, duk rangwamen da Dubai ko Paris ta yi wani ƙarin dalili ne da zai sa mai kuɗi ya kai cinikinsa waje.

Inda alƙaluma suka rabu

Labarin Birtaniya ya nuna yadda abu ɗaya ke haifar da lissafi biyu. Rishi Sunak ne ministan kuɗi lokacin da aka soke tsarin. Dalilin gwamnati shi ne, bayan ficewa daga Tarayyar Turai, dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba za su bari a bai wa Ba'amurke rangwame a hana Bafaranshe ba. Ko dai a bai wa kowa, ko a hana kowa. Filin jirgin Heathrow da wasu kamfanoni sun kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. A 23 ga Satumban 2022 sabon ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya ce za a dawo da tsarin. Ba a yi wata guda ba, a 17 ga Oktoba, wanda ya gaje shi, Jeremy Hunt, ya janye maganar. Gwamnatin jam'iyyar Labour da ta hau a Yulin 2024 ma ba ta saka shi a kasafinta na farko ba.

Baitulmali ya ƙiyasta cewa dawo da tsarin, tare da shigar da baƙin Turai, zai ci kusan fam biliyan 2 a shekara. Cibiyar Oxford Economics, a binciken da wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki nauyi a 2022, ta ce dawo da shi zai ƙara wa tattalin arziki kimanin fam biliyan 4 ya kuma tallafi ayyuka 78,000, har gwamnati ta fita da riba. Ofishin OBR, mai zaman kansa da ke tantance ƙiyasin kasafi, ya sake duba batun a Maris ɗin 2024, ya tsaya a kan cewa soke tsohon tsarin na tara wa gwamnati kimanin fam miliyan 540 a shekara.

Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Bambancin yana cikin zato biyu. Na farko, baƙi nawa ne za su zo saboda rangwamen kawai. Na biyu, idan ba su zo ba, shin ɗakin otal ɗin zai zauna babu kowa, ma'aikacin kuma ya zauna gida, ko kuwa wani baƙon zai kama ɗakin, ma'aikacin ya sami aiki a wani wuri ya ci gaba da biyan haraji. 'Yan kasuwa na ƙirga duk kuɗin da sabon baƙo ya kashe a matsayin ƙari. Masu duba kasafi na cewa a ƙasar da kusan kowa ke da aiki, wani ɓangare na wannan sauyin wuri ne kawai.

Ana iya gwada lissafin da misali na ƙirƙira. A ce baƙi 100 ne ke zuwa dama, kowanne a mayar masa da fam 200. Gwamnati ta saki fam 20,000. Idan kowane sabon baƙo zai bar harajin fam 500 a otal da abinci da sufuri, sai an samu sababbi 40 kafin a mayar da uwar kuɗi. Idan sababbin manyan masu kashe kuɗi ne da ke barin fam 2,000 kowanne, goma sun isa. Abin kamar gyara ne a kasuwa. Mai tumatir tana ƙara wa mai saye biyu ko uku don kada ya koma wurin maƙwabciyarta gobe. Idan ita kaɗai ce a layin, gyaran daga ribarta yake fita ba tare da ya kawo mata kowa ba.

Hukunci

Idan aka ɗora ɓangarorin biyu a ma'auni, ba a samun amsa ɗaya ga kowace ƙasa, amma ana samun sharuɗɗa bayyanannu. Tsarin yana biyan kansa inda harajin yake da yawa har rangwamen ya yi nauyi a idon mai saye, inda maƙwabta na kusa ke ba da shi, inda ƙasa ke ƙera wani kaso mai kyau na abin da baƙi ke saye, kuma inda kwastan ke da na'urori da amanar tabbatar da cewa kaya sun fita. Faransa da Italiya sun cika waɗannan sharuɗɗa. Birtaniya ta cika na farko da na biyu da na huɗu, shi ya sa hujjar 'yan kasuwarta ke da ƙarfi a kan manyan masu sayayya daga yankin Gulf da China da Amurka, ta kuma yi rauni a kan miliyoyin baƙin Turai da dama suke zuwa hutun ƙarshen mako.

Ga ƙasa irin Najeriya, inda harajin yake kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, abin da za a mayar bai kai kashi 7 na farashi ba tun kafin a cire la'ada. Wannan ba zai sa kowa ya sayi tikitin jirgi ba. Waɗanda ke zuwa kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau daga Nijar da Chadi da Kamaru fatake ne, abin da ke damunsu hanya ce da tsaro da yawan shingaye. Kuma inda iyakokin ƙasa suke da faɗi, kayan da aka buga wa hatimin fita da safe na iya dawowa da yamma.

Ƙasar da ta zaɓi yin tsarin tana da darussan da wasu suka riga suka biya kuɗin koyonsu. A karɓi harajin a kanti, a mayar bayan an ga kaya a bakin fita. A yi komai ta na'ura, kamar yadda Faransa da Sifaniya da Singafo suke yi. A sa iyaka ga la'adar 'yan tsakiya, ko a buɗe harkar ga gasa. A sauƙaƙa wa ƙananan kantuna da masu sana'ar hannu shiga. Sannan a riƙa wallafa alƙaluma duk shekara: nawa aka mayar, ga mutum nawa, a wane gari, a kan kayan wace ƙasa. Da irin waɗannan alƙaluma ne majalisa za ta iya gane ko kuɗin da ta saki ya dawo, ta ci gaba da tsarin ko ta rufe shi bisa hujja.